Kare yana gane nuni da yatsa, ko hanci ne ke kai shi?

Wani bawan Allah mai ajiye karnuka don gadi da farauta ya aiko da wannan tambaya: "Ina da kare da na raina tun yana kwikwiyo. In ƙashi ya faɗa cikin ciyawa na nuna masa da hannu, sai ya miƙe wajen kai tsaye. Amma karen maƙwabcina, in na yi masa haka, ko dai ya zo yana shinshinar yatsana, ko ya ja da baya. Abokaina sun ce babu wani gane nuni, hanci ne ke aiki. Wa ke da gaskiya?"

Malam, kai ke da gaskiya. Kare yana gane nuni, kuma an gwada hakan ta hanyoyin da suka rufe wa hanci ƙofa gaba ɗaya. Sai dai abin da yake ganewa ya ɗan sha bamban da abin da kake nufi a ranka lokacin da ka miƙa hannu, kuma karen maƙwabcin naka yana da nasa bayanin, wanda a ganina ya fi na karenka muhimmanci.

Mu fara da girman abin, domin sabo ya sa ba ma ganinsa. Babu nama a kan yatsanka. Kafin nuni ya yi amfani, sai mai kallo ya ɗauke idonsa daga hannun da ke motsi, ya bi wani layi da babu shi a zahiri, daga kan yatsa zuwa wani wuri can, sannan ya yarda cewa wanda ya nuna ɗin alheri yake nufinsa da shi. Ɗan Adam kansa sai ya kusa shekara ɗaya da haihuwa yake fara nuna abu da yatsa. Birin cimfanzi kuwa, wanda ya fi kowace dabba kusanci da mu a halitta, an sha gwada shi a kan wannan ya kasa: a ɓoye abinci a ƙarƙashin ɗayan kofuna biyu, a nuna masa wanda ke da abincin, ya zaɓa kamar babu wanda ya yi masa ishara. Saboda haka har tsakiyar shekarun 1990 masana halayyar dabbobi da yawa suna ganin wannan baiwa ta mutum ce shi kaɗai.

A lokacin ne wani ɗalibi a Jami'ar Emory da ke Atlanta a Amurka, Brian Hare, ya ji malaminsa Michael Tomasello yana wannan bayani, sai ya ce masa ai karensu na gida yana iyawa. Karen sunansa Oreo, irin Labrador ne, kuma Hare ya daɗe yana jefa masa ƙwallo. In ƙwallo ta ɓace ya nuna masa, sai karen ya bi. Malamin ya ce ya je ya gwada yadda ya kamata. A garejin gidan iyayensa aka yi gwajin, kuma sakamakon ya fito a 1998. A wannan shekarar dai, ba tare da ɓangarorin biyu sun haɗa baki ba, Ádám Miklósi da abokan aikinsa a Jami'ar Eötvös Loránd da ke Budapest suka fitar da nasu binciken mai sakamako iri ɗaya. Daga nan fagen ya buɗe.

Ga yadda ake yin gwajin, domin a cikinsa amsar abokanka take. Ana kife kofuna biyu iri ɗaya a ƙasa, da tazara a tsakaninsu. Mutum ɗaya yana riƙe da kare a ɗan nesa, daidai tsakiya. Sai a sa wani allo ko labule ya kāre idon karen, a saka ɗan abinci a ƙarƙashin kofi ɗaya, a taɓa duka biyun don kada ƙarar ɗaya ta tona asiri. A janye allon. Mai gwajin ya tsaya ko ya durƙusa a tsakanin kofunan, ya kira karen, ya jira har idonsu ya haɗu, sannan ya miƙa hannu ya nuna ɗaya. A saki kare. Kofin da ya fara kai hanci gare shi, shi ne zaɓinsa. Ana maimaitawa sau da yawa ana sauya ɓangare ba bisa tsari ba, don kada ya haddace cewa kullum dama ne. In sa'a kawai ke aiki, zai dace sau ɗaya cikin biyu. Yawancin karnukan gida suna wuce haka nesa ba kusa ba, da yawansu kuma tun daga karon farko.

To hanci fa? Masu bincike sun san ƙarfin hancin kare kamar yadda abokanka suka sani, don haka suka yi masa tarko biyu. Na farko, a shafa wa kofunan biyu ƙanshin abincin, ko a manna wani guntu a cikin kowanne inda kare ba zai kai gare shi ba, ta yadda duka biyun ƙanshi ɗaya suke yi. Na biyu, a ɓoye abincin yadda aka saba amma mai gwajin ya tsaya ƙyam, hannu a baya, ido a ƙasa, kada ya nuna komai. Da hanci ne ke jagora, da kare ya dace a nan ma. Amma a nan ne zaɓinsa ke komawa rabi da rabi. Abin mamaki ma ya wuce haka: a 2003 masu binciken Budapest sun bar karnuka suka shinshini mazuban biyu, sannan aka nuna musu wanda babu komai a ciki, kuma da yawansu suka bar abin da hancinsu ya gaya musu suka bi hannun mutum. Sai in da idonsu suka ga inda aka ajiye abincin ne suka fi tsayawa a kan saninsu. Wato a irin wannan yanayi kare yana ɗaukar isharar mutum da nauyi har fiye da ƙanshi. Wannan bai rage wa hancinsa komai ba. In ka sake shi a daji yana bin sawun zomo, hanci ne sarki. Amma a ɗan fili, mutum na tsaye a gabansa yana kallonsa, wajen mutumin yake fara neman labari.

Akwai wani tarko kuma da duk mai wannan aiki yake tsoro. A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a Balin ta Jamus, ana ce masa Hans, wanda aka ce yana lissafi ta hanyar buga kofato. A 1907 Oskar Pfungst ya nuna cewa dokin yana karanta ɗan motsin kai da jikin mai tambayar ne, motsin da shi mutumin bai san yana yi ba. Shi ya sa a gwajin karnuka ake hana mai riƙe da kare sanin inda abincin yake, ko a sa ya rufe ido. Ka tuna da wannan in za ka gwada a gida.

Tambaya ta gaba ita ce wadda masana suka fi daɗewa suna ja-in-ja a kanta: koya kare yake yi, ko da abin aka haife shi? A 2002 Hare da Tomasello, wanda a lokacin ya koma Cibiyar Max Planck da ke Leipzig a Jamus, tare da abokan aikinsu, suka buga wani bincike a mujallar Science. Sun samu cewa karnuka sun fi cimfanzi, sun kuma fi kyarkeci, wato na ƙasashen sanyi wanda daga zuriyarsa karen gida ya fito. Har 'yan kwikwiyon da ba su saba da mutane sosai ba sun bi nuni. Suka ce ashe zaman dubban shekaru tare da mutum ne ya gina wannan a jinin kare. Zaman kuwa ya daɗe: a Bonn-Oberkassel ta Jamus an tono kabarin mutum biyu da aka binne tare da kare kimanin shekara 14,000 da suka wuce.

Ba kowa ya yarda ba. A 2008 Monique Udell da Clive Wynne, daga Jami'ar Florida, suka je wani gandun kyarketai a jihar Indiana inda mutane ke rainon dabbobin da hannu tun suna jarirai. Kyarketan nan suka bi nuni da kyau, har suka fi karnukan gida da aka gwada a waje, yayin da karnukan da aka tsinto aka ajiye a gidan karnuka marasa galihu suka kasa. Su a wajensu rayuwa ce ke koyarwa: dabbar da ta tashi tana ganin abinci na fitowa daga hannun mutum za ta koyi kallon hannu. An kuma yi ƙorafi mai ma'ana a kan batun birai, cewa su ta bayan waya ko keji ake gwada su, alhali kare yana sake a ɗaki tare da mai gwajin, don haka kwatancen bai zama na adalci ba.

Bincike biyu da suka fito a 2021 su ne suka fi gamsar da ni. A na farko, Emily Bray da Evan MacLean na Jami'ar Arizona sun gwada 'yan kwikwiyo 375, masu kimanin mako 8 da haihuwa, waɗanda har lokacin suna tare da 'yan'uwansu, ba a raba su gidajen mutane ba. Sun bi nuni daidai a kashi 67 cikin 100 na gwaje-gwajen, kuma ba su ƙara ƙwarewa daga karon farko zuwa na ƙarshe ba, abin da ke nuna da iyawarsu suka zo. Da yake an san asalin kowannensu, uwa da uba da kakanni, an iya lissafa cewa sama da kashi 40 cikin 100 na bambancin da ke tsakaninsu a wannan fanni gado ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A na biyu, Hannah Salomons ta Jami'ar Duke ta kwatanta 'yan kwikwiyo 44 da 'ya'yan kyarkeci 37, masu mako 5 zuwa 18. 'Ya'yan kyarkecin, a wata cibiya a Minnesota, mutane ne ke ba su madara, suna kwana tare da su. 'Yan kwikwiyon kuwa suna wajen uwayensu, hulɗarsu da mutum kaɗan ce. Duk da haka, 17 cikin 31 na karnukan da aka yi wa gwajin nuni sun riƙa zuwa kwanon da ya dace, amma ko ɗaya cikin kyarketai 26 bai wuce matakin sa'a ba. A gwajin tuna inda aka ajiye abu, wanda babu ruwansa da mutum, ɓangarorin biyu kunnen doki suka yi. Kyarkeci bai gaza kare basira ba. Inda suka rabu shi ne 'yan kwikwiyon sun ninka su sau 30 wajen yiwuwar tunkarar baƙon mutum.

Nan ne jijiyar maganar take. Tun a 2003 Miklósi ya nuna ta da wani gwaji mai sauƙi. Aka koya wa karnuka da kyarketan da aka raina da hannu buɗe wani mazubi mai nama. Da suka iya, sai aka kulle shi yadda ba zai buɗu ba. Kyarketai suka duƙufa suna tono da cizo. Karnuka suka ɗan taɓa, sannan suka waiwaya suka dubi fuskar mutumin da ke tsaye a bayansu. Wannan waiwayen shi ne tushen komai. Dabbar da ba ta kallon fuskarka ba za ta ga hannunka ba. Kai da kake farauta ka san shi: lokacin da sawu ya ɓace, karen ya tsaya cak, kunne a miƙe, ƙafa ɗaya a ɗage, ya juyo da kai ya dube ka, ya dubi daji, ya sake dubanka. Tambayarka yake yi. A Japan, a 2015, ƙungiyar Takefumi Kikusui ta Jami'ar Azabu ta gano cewa in kare da mai shi suka daɗe suna haɗa ido, sinadarin oksitosin, wanda ke ƙulla shaƙuwar uwa da jariri, yana ƙaruwa a jikin duka biyun. Ba a ga haka tsakanin kyarketai da masu rainonsu ba.

Akwai wata shaida daga Saibiriya ta Rasha. Daga 1959 Dmitri Belyaev ya fara kiwon yanyawa ta ƙasashen sanyi a Novosibirsk, yana zaɓen waɗanda ba sa tsoron mutum kawai su hayayyafa. Babu wanda ya zaɓe su don basira. Amma da Hare ya gwada 'ya'yansu, a binciken da ya fito a 2005, sun bi nuni kamar 'yan kwikwiyo, sun kuma fi 'yan'uwansu da ba a yi wa wannan zaɓe ba. Da tsoro ya ragu, sai fahimtar ishara ta biyo baya da kanta. Hukuncina ke nan a kan gardamar: kare yana zuwa duniya da shirin kallon mutum da sauraronsa, sannan abin da ya gani a hannun mutane ya ƙarfafa wannan shiri ko ya danne shi.

Yanzu, me kare yake gani in ka nuna? A 2009 Gabriella Lakatos da abokan aikinta a Budapest sun kwatanta karnuka da yara 'yan shekara 2 da 'yan shekara 3, suna sauya salon nuni: da hannu a miƙe, da ƙafa, da gwiwa, da kuma hannun da aka naɗe a gaban ƙirji yadda yatsa ke kallon gefe ɗaya amma gwiwar hannu ta fito ta ɗaya gefen. 'Yan shekara 3 sun bi inda yatsa ke kallo a kowane hali. Karnuka da 'yan shekara 2 kuwa sun fi dogara da duk gaɓar da ta fito daga jiki ta yi tsini zuwa wani ɓangare. In yatsa ya tsaya a gaban riga, bai fito fili ba, sai kare ya rikice. Saboda haka hannu duka yake karantawa, da inda kafaɗa da fuska suka juya. Wannan ya shafe mu, mu da kan yi nuni da baki ko da haɓa. Tun a gwaje-gwajen 1998 an ga karnuka suna bin sunkuyawa da gyaɗa kai da juya fuska, amma motsin ƙwayar ido kaɗai ya fi ba su wahala. In za ka nuna wa kare abu da baki, juyawar kanka gaba ɗaya ita ce za ta isar da saƙon.

Nisa ma yana da tasiri. In yatsa yana dab da kofin, kusan kowace dabbar gida za ta iya, domin zuwa wajen hannu da zuwa wajen kofi abu ɗaya ne. Gwajin gaske shi ne a nuna daga nesa na ɗan daƙiƙa ɗaya, a janye hannu, sannan a saki dabbar. A nan kare yake zarra. Kada mu cika yabonsa shi kaɗai dai: an samu awaki suna bin nuni a Jamus a 2005 da kuma a Ingila a 2020, musamman in hannu yana kusa da mazubin. Kyanwa ma tana yi. A Zimbabwe, a 2013, Anna Smet da Richard Byrne sun gwada giwaye 11 suka ga suna bi tun daga farko.

Wani abu da ya fi burge ni shi ne kare yana bambance motsin da aka yi dominsa da wanda ya faru haka kawai. Juliane Kaminski ta nuna a 2012 cewa in ka miƙa hannu irin na nuni amma ba ka dubi karen ba, kamar dai abin ya zo ne bisa kuskure, ba ya ɗaukarsa da muhimmanci kamar in ka haɗa ido da shi tukuna. A wannan shekarar Ernő Téglás da József Topál suka sa karnuka kallon bidiyo, wata na'ura tana bin inda idonsu ke sauka. Wata mata ce a bidiyon da tukwane biyu a gabanta. In ta dubi karen ta gaishe shi da murya mai taushi kafin ta juya ga tukunya ɗaya, idonsa yana bin nata. In ta yi magana kai a sunkuye, da murya ƙasa-ƙasa, ba ya bi. Jarirai ma haka suke yi.

A nan ne kuma iyakarsa take. Kai in ka nuna wa ɗanka wata, so kake ya gani kawai, ku yi mamaki tare, kuma yaro ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni yana gane haka har shi ma ya nuna maka. Kare ya fi ɗaukar nuni a matsayin aike: je can, akwai abin yi. Wani gwaji da Tibor Tauzin ya yi a Budapest a 2015 ya nuna haka: a nuna wa kare abin wasa ɗaya cikin biyu, sannan a musanya musu wuri a gabansa, sai ya fi karkata ga wurin da aka nuna, ko da abin ya tashi daga nan. Hannunka yana gaya masa ina ne. Mene ne a wurin, wannan aikin hanci da ido ne in ya isa. Don haka ku da abokanka kowa ya riƙe wani ɓangare: hannu ya kai shi cikin ciyawar, hanci ya fito da ƙashin.

Sai karen maƙwabci. Halaye biyu ka ambata, kuma dalilansu daban ne. Shinshinar yatsa alama ce ta karen da ya saba karɓar abinci daga hannu amma ba a taɓa aikensa da hannu ba. A iliminsa, alheri a cikin tafin hannu yake. Wannan gyaransa ba wuya. Ja da baya shi ne ya fi damuna. A Jami'ar Kyoto, a 2015, Akiko Takaoka ta gwada karnuka 34 a zagaye uku. Da farko mai gwajin ya nuna musu mazubi mai abinci, suka bi. A na biyu ya bari suka ga abin da ke ciki, sannan ya nuna wanda babu komai. A na uku ya koma faɗin gaskiya, amma yawancinsu suka ƙi bin sa. Da aka kawo sabon mutum ya nuna, sai suka bi. Ba nunin suka manta ba. Wancan mutumin ne suka daina yarda da shi, kuma yaudarar zagaye ɗaya ta isa.

In ƙarya a kan ɗan guntun abinci ta yi haka, ina ga jifa? Ka dubi yadda mutum yake in zai jefi kare: ya kafe shi da ido, ya ɗaga murya, ya miƙa hannu. Kusan duk abubuwan da nuni ya ƙunsa ke nan. Karen da ya tashi a lungu yara na binsa da duwatsu ya karanci hannun mutum sarai, ya kuma san abin da ke biyo bayan miƙa shi. Binciken da ya fi kama da yanayinmu a Indiya aka yi shi, inda karnukan titi suke da yawa. Anindita Bhadra da Debottam Bhattacharjee, daga wata cibiyar kimiyya da ke kusa da Kolkata, sun fitar da sakamako a 2020 a kan manyan karnuka 160 da ba su da mai su, ba a kuma taɓa horar da su ba. Kusan rabinsu sun ƙi matsowa kusa da kwanukan ma sam, kuma an ga alamun fargaba a jikinsu. Amma cikin waɗanda suka matso, kimanin kashi 80 cikin 100 sun je kwanon da aka nuna. A wani aikinsu na 2017 sun ga ƙananan kwiyakwiyan titi suna bin nuni ba tare da shakka ba, manya kuwa sai sun auna ko mutumin abin yarda ne. Ƙuruciya ta zo da yarda, zaman titi ya koya musu taka-tsantsan. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji an ce wa irin wannan kare daƙiƙi. Abin da aka koya masa ne ya riƙe, kuma mu muka koya masa.

Iri ma yana da nasa rabo. Márta Gácsi ta samu a 2009 cewa karnukan da aka daɗe ana kiwonsu don aiki ido da ido da mutum, irin masu tara tumaki da masu ɗauko tsuntsun da aka harba, sun fi waɗanda aka saba saki su yi aiki su kaɗai. Ta kuma samu cewa masu gajeren baki sun ɗan fi masu dogon baki, kuma akwai dalili a ginin ido: mai dogon baki idonsa ya fi ƙwarewa a hangen faɗin fili daga gefe zuwa gefe, mai gajeren baki kuwa ganinsa ya fi taruwa a abin da ke gabansa. Karnukanmu na farauta, sirara masu dogon baki da dogayen ƙafafu, motsin da ke gefen daji yana saurin ɗauke musu hankali. Sai ka tabbata ya dube ka kafin ka nuna.

In kana son gyara na maƙwabcin, kuma mai shi ya yarda, ba sai ka taɓa shi ba. Fara da kwano ɗaya. Ka zauna ko ka durƙusa, kada ka tsaya a kansa, ka ɗan ba shi gefen jikinka. Bari ya ga ka ajiye nama, ka kira sunansa a hankali, in ya dube ka sai ka kai yatsa dab da kwanon, hannu yana tafiya a hankali daga ƙasa, kada ya sauko daga sama kamar na mai jifa. Hannun da kake nunin da shi ya zama babu ƙanshin nama a jikinsa. Da ɗayan za ka riƙa ɗaukar abincin. In ya saba, ka ƙara kwano na biyu, sannan ka riƙa ja da baya taki-taki a kwanaki masu zuwa. Kada ka taɓa nuna masa kwanon da babu komai don wasa, kada kuma a bar yara su yi. Udell da Wynne sun gwada irin karnukan nan na gidan marasa galihu da suka kasa da farko, a binciken da suka fitar a 2010, kuma yawancinsu sun koya bayan 'yan maimaici kaɗan. Wannan duka ga karen da ka san mai shi ne, ka kuma san an yi masa allurar rigakafin ciwon hauka. Karen da ba ka sani ba, musamman mai dalalar da miyau ko wanda halinsa ya sauya farat ɗaya, ka bar shi, ka sanar da likitan dabbobi.

Naka kuwa, tunda yana bin hannu, ka gina a kai. A Jami'ar Naples ta Italiya, a 2016, Biagio D'Aniello ya gwada karnukan ceton mutane a ruwa waɗanda suka san umarni da baki da kuma da hannu. Da aka sa baki ya ce abu ɗaya hannu ya ce wani, yawanci hannu suka bi. Saboda haka duk umarnin da kake ba shi, zauna, tsaya, je can, ka haɗa masa da ishara guda wadda ba ta sauyawa, kowa a gidan kuma ya yi irinta. A daji za ka iya juya shi ba tare da ka ɗaga murya ka kori nama ba, kuma in ya tsufa jinsa ya yi rauni, kamar yadda yake faruwa ga karnuka da yawa, za ka ci gaba da ba shi umarni da hannu.